Siliki a ɗakin tiyata: ina aikin Farfesa David Kaplan ya kai?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne mai shirin digiri na biyu a kimiyyar sinadarai. Duk takardar da na buɗe kan kayan da likitoci ke sanyawa a jikin mutum sai na ci karo da sunan David Kaplan da maganar siliki. An ce ya wallafa takardu sama da dubu. Yawan rubutu ne kawai, ko akwai abin da ya canza a zahiri? Akwai majinyacin da ya amfana?

Amsa: Ƙanena, ka yi tambaya mai kyau, kuma na ji daɗi da ka haɗa da maganar majinyaci, domin da yawa daga cikinmu a jami'a mukan tsaya a ƙirgen takardu da yawan waɗanda suka ambace su, mu ɗauka an gama magana. Amsata a taƙaice ita ce: babban abin da mutumin nan ya yi shi ne ya raba siliki da zama zare kawai. Ya mayar da shi ruwa, ruwan da za ka zuba a kowane irin mazubi ka fitar da abin da kake so, sannan ya rubuta yadda ake yi dalla-dalla har ɗalibi irinka zai iya bi. Wannan tasiri ne babba ƙwarai a duniyar bincike. A gadon asibiti kuwa abin da ya iso bai taka kara ya karya ba tukuna, kuma bai kamata a ɓoye hakan ba.

Shi Kaplan ya yi digirin digirgir a kimiyyar sinadaran halitta a Jami'ar Syracuse a 1978. Ya yi shekaru masu yawa a cibiyar binciken sojojin Amurka da ke Natick, inda ake sha'awar zaren gizo-gizo saboda ƙarfinsa, kafin ya koma Jami'ar Tufts da ke kusa da birnin Boston a 1996. Shi ne shugaban farko na sashen injiniyancin likitanci da aka kafa a can a 2002. A 2021 aka zaɓe shi cikin Majalisar Injiniyoyi ta Ƙasar Amurka, kuma dalilin da aka bayar shi ne aikinsa kan siliki wajen gina tsoka da gyaran sassan jiki.

Kafin ka gane abin da ya ƙara, sai ka san abin da ya tarar. Silikin da ake magana a kai na tsutsar nan ce da Sinawa suka fara kiwo shekaru kusan 5,000 da suka wuce, wadda masana ke kira Bombyx mori, mai cin ganyen malberi. Idan lokacin rikiɗarta ya yi sai ta saƙa wa kanta gida da zare guda ɗaya tal, wanda tsawonsa kan kai mita 300 zuwa 900. Zaren nan furotin biyu ne a haɗe. Na ciki shi ne fibroyin, shi ke ɗauke da ƙarfin, kuma shi ne kusan kashi 70 zuwa 75 cikin ɗari. Na waje shi ne serisin, wani danƙo da ke manne zaren da juna. Likitoci sun daɗe suna ɗinke rauni da zaren siliki, amma a ƙarshen ƙarni na ashirin darajarsa ta ragu. Ana zarginsa da tayar da kumburi, ana kuma lissafa shi cikin zarurrukan da ba sa narkewa a jiki, ga zarurrukan roba na zamani sun cika kasuwa.

A 2003 Gregory Altman, ɗalibin Kaplan, tare da shi da sauran abokan aiki, suka fitar da wata takarda a mujallar Biomaterials da ta tattara hujjoji kan waɗannan zarge-zarge biyu. Suka nuna cewa yawancin kumburin yana da nasaba da danƙon da ba a wanke ba, kuma fibroyin da aka wanke tas jiki yana karɓarsa kamar sauran kayan da aka saba sanyawa. Suka kuma nuna cewa siliki yana narkewa, a hankali ne kawai yake yi: sinadaran jiki masu cin furotin suna gutsurarsa har ya rasa yawancin ƙarfinsa cikin shekara guda. Daga baya wasu masu bincike sun sassauta laifin da aka ɗora wa serisin shi kaɗai, amma ƙofar da takardar ta buɗe ba ta sake rufuwa ba. A shekarar dai, Kaplan da abokin aikinsa Hyoung-Joon Jin suka wallafa a mujallar Nature bayanin yadda tsutsa ke sarrafa furotin ɗin a cikinta: tana riƙe shi a narke cikin ruwa, tana rage ruwan sannu a hankali, sai a bakin fita jan da ake yi masa ya mayar da shi zare mai tauri. Babu wuta, babu guba, ruwa ne kawai da dabara.

A nan nake so ka tsaya, domin nan ne zuciyar al'amarin. Fibroyin sarƙa ce doguwa da ƙananan tubala uku suka mamaye, gilaisin da alanin da serin, suna maimaita kansu a jere. Saboda ƙanƙantarsu sarƙar takan iya ninkuwa ta kwanta a kan kanta, ninki bisa ninki, kamar yadda ɗan kasuwa ke ninke turmin atamfa ya danne. Inda ta ninku haka ruwa ba ya shiga, wurin yakan yi tauri. Inda ba ta ninku ba yakan kasance da laushi da miƙewa. Wanda ya iya ƙayyade yawan wannan ninki ya riƙe linzamin kayan gaba ɗaya: taurinsa, da ƙarfinsa, da tsawon lokacin da zai yi a jiki kafin ya narke.

Ga yadda ake yi, kamar yadda Danielle Rockwood da Kaplan da abokansu suka tsara a mujallar Nature Protocols a 2011. Za ka yanyanka gidajen tsutsar da almakashi, giram 5, ka zubar da busasshiyar tsutsar da ke ciki. Ka tafasa lita 2 ta ruwa mai tsabta da ɗan sodiyam kabonet, giram huɗu da ɗoriya, ka zuba su su yi minti 30. Ruwan zai yi rawaya-rawaya, danƙon ya fita, abin da ya rage ya zama kamar jiƙaƙƙiyar auduga. Ka ɗauraye sau uku, ka shanya ya kwana. Washegari ka cusa shi a ƙaramin kofin gilashi, ka zuba masa ruwan gishirin litiyam buromaid mai kauri sosai, mola 9.3, ka ajiye a zafin digiri 60 na awa 4. Idan ka dawo ba za ka ga zare ba, sai wani ruwa mai yauƙi, launin ruwan zuma. Daga nan ka ɗura shi a jakar tacewa mai ƙananan ƙofofi, ka nutsa cikin ruwa na awa 48 kana canza ruwan, gishirin ya fice, furotin ya zauna. A ƙarshe kana da ruwan siliki mai kaurin kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari, ka sa a firij. Idan ka bar shi ya wuce wata guda zai daskare da kansa.

Duba kayan da na lissafa. Tukunya, almakashi, tanda, firij, da gishiri iri biyu. Wannan sauƙin shi ya sa ɗakunan gwaje-gwaje a Sin da Indiya da Koriya da Italiya da Turkiyya suka rungumi aikin, kuma dubban takardu suka ambaci wannan tsari guda. A ganina ko da bai rubuta komai ba sai wannan, ya ci sunansa a fagen. Masani yakan gano abu ya zama shi kaɗai ya iya, idan ya yi ritaya abin ya tafi da shi. Wanda ya bar wa mutane hanyar da za su bi ba tare da shi ba, aikinsa ya fi nisa.

Daga wannan ruwa ake fitar da sauran. Ka zuba a faranti ya bushe, ka sami fallen leda garau da haske ke ratsawa. Ka cakuɗa da ƙwayoyin gishiri, ya sandare, ka wanke gishirin, ka sami soso mai ramuka da ƙwayoyin halitta za su shiga su zauna. Ka girgiza shi da sauti mai ƙarfi ya zama kunu mai kauri da za a iya yin allura da shi. Ka ja shi da wutar lantarki ya zama zare siriri fiye da gashi nesa ba kusa ba. Sannan ka ƙara ninkin da giyar metanol ko da tururin ruwa kawai, gwargwadon yadda kake so ya daɗe. A wani gwaji da suka wallafa a 2008 sun dasa soson siliki a jikin ɓeraye: wanda aka yi da ruwa zalla ya narke tsakanin wata 2 zuwa 6, wanda aka yi da wani sinadari daban ya haura shekara. Likitan da ke gyaran fata yana son na farko, mai gyaran ƙashi yana son na biyu, kuma duka daga gidan tsutsa ɗaya suka fito.

Abubuwan da suka fi jan hankalin 'yan jarida sun zo ne bayan Kaplan ya haɗu da Fiorenzo Omenetto, masanin haske ɗan asalin Italiya da ke Tufts. Tare da John Rogers, wanda a lokacin yake Jami'ar Illinois, suka nuna a 2010 cewa za a iya shimfiɗa siraran wayoyin lantarki a kan fallen siliki, a ɗora a kan ƙwaƙwalwar kyanwa, a zuba ruwan gishiri silikin ya narke, wayoyin su lafe cikin lunguna da tudun ƙwaƙwalwar su ɗauko saƙonninta. A 2012 suka fito da na'urar lantarki da ke narkewa ɗungurungum a jiki bayan ta gama aiki, siliki ne rigarta, kaurin ninkinsa ne ke ƙayyade ranar da za ta ɓace. A 2014 aka sassaƙa sukurorin ɗaurin ƙashi da siliki aka gwada a ƙafafun ɓeraye na mako 4 da mako 8. Amfaninsu shi ne ba sai an sake yanka mutum don cire ƙarfe ba, kuma ba sa tare hoton ƙashi. A shekarar ce kuma suka gina wani ɗan zobe na soson siliki da furotin ɗin kolajin a tsakiya, suka shuka ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɓera, suka rayu wata biyu suna aika wa juna saƙo, har aka sako masa ɗan nauyi daga sama don a ga yadda ƙwaƙwalwa ke amsa bugu. A 2022, tare da Michael Levin, masanin halittu a Tufts, aka sa wa kwaɗin da aka yanke wa ƙafa wata 'yar hula mai kunun siliki da magunguna biyar na awa 24 kacal, cikin wata 18 ƙafa mai motsi ta sake tsirowa, ko da yake ba cikakkiya ba. Duk waɗannan gaskiya ne, kuma suna da ban mamaki. Ka lura dai da waɗanda aka yi wa: kyanwa, ɓera, kwaɗo.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na riga-kafi, kuma na san kai ma zai taɓa ka. Yawancin alluran riga-kafi sai an riƙe su tsakanin digiri 2 zuwa 8 tun daga masana'anta har hannun mai yin allura. Duk wanda ya ga ma'aikaciyar lafiya ta ɗauko akwatin ƙanƙara a bayan babur cikin zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, lokacin da ma'auni ke haura 40, ya san irin wahalar da ke cikin wannan sharaɗi. A 2012 Kaplan da abokansa suka wallafa a mujallar PNAS cewa sun busar da riga-kafin ƙyanda da hangum da rubela (wata cuta mai kama da ƙyanda) a cikin siliki, suka ajiye wata 6 a zafin digiri 45, ya riƙe kusan kashi 85 cikin ɗari na ƙarfinsa. Dalilin da suka bayar shi ne sarƙoƙin silikin suna kewaye ƙwayar maganin su hana ta motsi, su kuma hana danshi isa gare ta, kuma motsi da danshi su ne ke lalata furotin a zafi. Sun ce sun ga irin wannan kariya ga magungunan kashe ƙwayoyin cuta na fenisilin da tetirasaikilin. Sai dai an janye wannan takarda a 2016 saboda kurakuran da aka gano a lissafin alƙalumanta. A 2016 suka nuna cewa jinin da aka busar cikin siliki yana iya yin kwana 84 a digiri 45 a kuma auna abubuwan da ke cikinsa daidai.

Shekaru sun wuce goma da wannan labari, har yau babu asibitin karkara da ke karɓar riga-kafin ƙyanda a cikin siliki. Ƙarfin da aka auna a 2012 an auna shi ne a kan ƙwayoyin halitta a faranti. Kafin a yi wa jariri, sai an sake gwada haɗin daga farko kamar sabon magani, mataki-mataki, da kuɗi masu yawan gaske, kuma kamfanin da ke sayar da riga-kafi mai araha ba ya ganin ribar da za ta mayar masa da wannan kuɗi. Kamfanin Vaxess da aka kafa a kan wannan fasaha ya karkata ga wani ɗan manne mai ƙananan allurai da ake liƙawa a fata, ya kai shi gwajin matakin farko a jikin mutane da riga-kafin mura. A daidai wannan lokaci, abin da ya sauƙaƙa aiki a yankinmu ya zo ta wata hanya mai sauƙi: riga-kafin sanƙarau na MenAfriVac, wanda aka fara yi a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, an tabbatar yana jure digiri 40 har kwana 4, aka ba da izinin fita da shi ba ƙanƙara, aka fara a Jamhuriyar Benin a 2012. Ina kawo wannan ne don ka riƙa auna kowace sabuwar fasaha da abin da ke hannu, kada ka auna ta da alkawarin da ke cikin takardarta.

To me ya isa jikin majinyaci? Abu biyu zan ambata daga zuriyar ɗakin gwajinsa. Na farko wata raga ce ta siliki mai suna SERI, da ake sanyawa don tallafar tsokar da ta yi rauni bayan tiyata. Ta fito daga kamfanin Serica da Altman ya kafa, wanda asalinsa neman gyaran jijiyar gwiwa ne, aikin da suka wallafa tun 2002. Kamfanin Allergan ya sayi Serica a 2010. An sanya ragar a jikin mutane da dama, amma tafiyar ba ta yi santsi ba: a 2015 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta aika wa Allergan takardar gargaɗi kan tallata ta don tiyatar mama, aikin da ba a ba ta izininsa ba, kuma wasu likitoci sun ba da rahoton matsaloli a irin wannan tiyata. A 2016 ragar ta koma hannun kamfanin Sofregen. Na biyun na Sofregen ne, Silk Voice, wanda FDA ta amince da shi a 2019. Allura ce ta ƙananan ƙwayoyin siliki da ake yi a tantanin murya ga wanda ɗaya ɓangaren maƙogwaronsa ya shanye, don tantanin ya cika ya haɗu da ɗan uwansa murya ta fito. Muhimmancinsa shi ne an yi shi daga narkakken siliki, wato hanyar nan da na bayyana maka ta bi ta hannun hukuma ta fita lafiya. Wanda muryarsa ta dawo ba zai kira wannan ƙaramin abu ba.

A wajen asibiti abin ya fi sauri, saboda sharuɗɗan ba su kai tsanani ba. Benedetto Marelli, wanda ya yi aiki a Tufts kafin ya koma jami'ar MIT, ya nuna a 2016 cewa 'ya'yan sitiroberi da aka tsoma a ruwan siliki sun yi kwana 7 ba firij ba su yamutse ba, kuma ayaba ta jinkirta nuna. Daga nan aka sami kamfanin Mori, wanda aka kafa don adana abinci da siliki. Shi kansa Kaplan a shekarun nan ya mayar da hankali sosai ga noman nama daga ƙwayoyin halitta, har ma'aikatar gona ta Amurka ta ba tawagarsa dala miliyan 10 a 2021.

Kada kuma ka ɗauka shi kaɗai ne a fagen, domin takardun da kake karantawa za su iya sa ka zaci haka. Randy Lewis ne ya fara karanto ƙwayar gadon zaren gizo-gizo a 1990. Fritz Vollrath na Oxford ya yi shekaru yana nazarin yadda gizo-gizo ke kaɗi. Tetsuo Asakura a Japan ya yi aiki mai zurfi kan tsarin fibroyin, Subhas Kundu kuma ya buɗe fagen silikin daji na Indiya. A Koriya ta Kudu an amince da wani fallen siliki na toshe hujin dodon kunne. Abin da ya bambanta Kaplan shi ne faɗin hannunsa da yawan waɗanda suka fito daga ƙarƙashinsa suka kafa nasu ɗakunan gwaji da kamfanoni. Takardu dubu ba mutum ɗaya ke zama ya rubuta su ba. Aikin ɗaruruwan ɗalibai ne da abokan haɗin gwiwa, kuma a cikinsu akwai masu nauyi, akwai waɗanda ƙaramin gyara ne a kan na baya. Idan kana son ka san shi, karanta uku: ta Altman ta 2003, ta Nature ta 2003, da tsarin 2011.

Silikin ma yana da nasa aibu da ya kamata ka sani tun yanzu. Abu ne da dabba ta yi, don haka na wannan gona ba ya zama daidai da na waccan. Tafasawar da ke cire danƙo tana kuma yanyanka sarƙar fibroyin, minti 30 da minti 60 ba abu ɗaya suke bayarwa ba, kuma da yawa daga saɓanin da za ka gani tsakanin takardu daga nan yake. Idan litiyam bai fita sarai ba zai cutar da ƙwayoyin halittar da ka shuka. Sosonsa kuma ba ya ɗaukar nauyi kamar ƙashin cinya.

Tunda kana neman abin da za ka yi digiri a kai, ga inda maganar ta shafe mu kai tsaye. Muna da namu silikin. Zaren tsamiya da ake yi wa manyan riguna aiki da shi, wanda Yarabawa ke saƙa tufarsu ta sanyan da irinsa, daga tsutsotsin daji ne na dangin Anaphe, masu taruwa da yawa su saƙa gida ɗaya babba a jikin bishiya. Masu sana'ar sun gaji dafa shi da ruwan toka kafin a kaɗa, wanda a ilimin sinadarai shi ne matakin farko na tsarin 2011, cire danƙo da ruwa mai kaifin kanwa. Fibroyin ɗin Anaphe kusan gaba ɗayansa alanin ne da gilaisin, ya bambanta da na tsutsar Sin, don haka kada ka ɗauka zai narke a litiyam buromaid yadda nata ke yi. Silikin daji da yawa yana gardama a wannan mataki. Cibiyar nazarin ƙwari ta icipe da ke Nairobi ta yi aiki a kan silikin dajin Afirka, ka nemi abin da suka wallafa kafin ka rubuta shawarar bincikenka. Ka fara da tsutsar Sin tukuna har hannunka ya faɗa, ka iya fitar da ruwa mai kauri ɗaya sau da yawa a jere, sannan ka koma kan na tsamiya ka gwada tsawon tafasawa da irin gishirin da zai narkar da shi, kana auna nauyin abin da ya fita da tsawon sarƙar da ta rage a kowane gwaji. Kuma ka sa safar hannu da takunkumi ranar da za ka buɗe gidan, domin gashin tsutsar da ke maƙale a ciki yana sa ƙaiƙayi mai tsanani.